Shirun da Kumatu Take Jira

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Yaya shago, yaya gwiwar nan da take damunki in kin daɗe kan keken ɗinki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Baban Kumatu yana gaishe ki, yana nan da gyaran agogunansa. Ita kuwa Kumatu ta kusa wata huɗu, ta yi ɓul-ɓul, rigar da kika ɗinko mata har ta fara matse mata hannu.

Tunda kin kafa mini doka kin ce kada in ƙara kiranki a waya, wai ba na bari ki sa baki, to ga takarda. Zan ba mai duba tikiti na jirgin ƙasan safe, ya ajiye miki wurin mai jarida na tasharku kamar yadda muka saba.

Goggo, abin da ke raina ke nan, kuma kada ki yi mini dariya. Kumatu ba ta hira da ni. Tana yi da kowa, ban da ni.

Babanta, wanda kin san in ya yi magana goma a wuni an yi sa'a, yakan dawo daga shago ya wanke hannu, ya ɗora ta a cinya ya ce, "To?" Iyakar abin da yake cewa ke nan. Sai ki ji 'yar nan ta ce "aguu". Ya ce, "Haka aka yi?" Ta ƙara yi masa wani. Haka za su yi ta yi kamar tsofaffin abokai, har da wuntsila ƙafa. Maƙwabciyata ma, Maman 'Yan Biyu, in ta leƙo karɓar tsintsiya sai sun taɓa hira. Amma ni da na ɗauki cikinta, in na zo sai ta zuba mini ido, ta cusa hannu a baki, can kuma ta juya tana kallon labule.

Na kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta duba kunnenta ta ce lafiya lau, ta ce in riƙa yi mata magana sosai. Goggo, ni za a ce wa in yi magana? Ni da kika raɗa wa Aku tun ban san kaina ba? Ni da aikina ke nan, in zauna gaban lasifika ina gaya wa tasha guda jirgin da ya iso da wanda ya makara? Tun daga ranar ban rufe baki ba. Ina yi mata wanka ina ba ta labari, ina shanya ina ba ta labari, har sunayen tashoshi na jera mata daga farko zuwa ƙarshe. Shiru kake ji.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne hutun haihuwata zai ƙare a ƙarshen wata. Daga nan Maman 'Yan Biyu ce za ta riƙa riƙe ta tun safe har la'asar. Matar kirki ce, ba ni da ƙorafi a kanta. Amma in yanzu da muke wuni tare ba ta ce mini komai, ina ga na koma aiki? Ina tsoron ta tashi muryar wata ce muryar uwa a wurinta. Wallahi jiya sai da na yi hawaye a kan wannan.

Da Inna tana da rai ita zan tambaya. Ke kika rage mini, sai ki gaya mini abin yi.

'Yarki,
Aku

*

Goggo,

Ina sake gaishe ki. Na san amsarki ba ta isa isowa ba, amma na kasa zama. Muna lafiya, sai ɗan mura da ya taɓa Baban Kumatu, ya ma warware.

Na ƙara ƙaimi. Na sayo kacau-kacau, na sayo wani littafi mai hotunan dabbobi, ina yi mata kukan kowace dabba. Kukan akuya na yi har mai gyaran famfo da ke aiki a bene na ƙasa ya ɗago kai yana neman inda take. Na yi waƙa, na canja murya, na yi siririya na yi ƙatuwa. Kumatu ta dube ni kamar yadda fasinja ke duban allon sanarwa, ta yi hamma, ta yi barcinta.

Da yamma kuwa babanta ya shigo ya ce, "To?" Sai ga baki ya buɗe. Na ce masa, "Kai dai faɗa mini gaskiya, me kake ba ta?" Ya yi murmushi ya buɗe baki zai yi magana, sai na tuna na bar ruwa a wuta, da na dawo kuma muka shiga wani zancen. Har yanzu bai ba ni amsa ba, kin dai san halinsa.

Har na fara tunanin ko muryata ce ba ta so. Ko aikin lasifika ya ɓata mini ita ban sani ba? Don Allah ki amsa da wuri, kwanaki suna tafiya.

Aku

*

Aku,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu sun same ni rana ɗaya. Ina lafiya, ina gaida maigidanki.

Yarinya lafiyarta ƙalau. Ke ce za ki rufe bakinki. Ki yi shiru ki ba ta fili.

Sauran bayani sai na samu hali.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Saƙonki ya iso, na karanta, bai ɗauke ni lokaci ba tunda layi uku ne. Na juya bayan takardar ko akwai ci gaba, babu.

Na ɗauki damuwata na kawo miki don ba ni da wadda ta fi ki, sai kika ce in rufe bakina. Na gode. Na san ni mai surutu ce, tun ina ƙarama ake faɗa mini, a makaranta an faɗa, a gidan miji ma ana faɗa da ido. Amma ban zaci ranar da na zo miki da kuka ita ce ranar da za ki tuna mini ba. Asibiti sun ce in yi magana, ke kin ce in yi shiru. In uwa ta yi shiru, a bakin wa 'ya za ta koya?

Da kika hana ni waya na ɗauka wasa ne irin namu. Yanzu na gane na daɗe ina damunki. In takardun ma sun yi yawa ki faɗa, sai in rage.

Baban Kumatu ya karanta ya ce wai ba haka kike nufi ba. Na ce masa ai dama ku masu son shiru bakinku ɗaya.

Allah ya bar zumunci.

Aku

*

Aku 'yar gidana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan fushin ya sauka, in bai sauka ba ki ajiye shi gefe ki karanta wannan, kya ɗauka daga baya. Ina gaida mai agogo, ki ce masa na gode da ya tsaya mini. A shafa mini kan Kumatu.

Kin ga layi uku, ba ki tambayi dalili ba. Allurar keke ce ta shige mini ɗan yatsa, na dama kuwa, ta fasa farce. Ranar da takardunki suka zo hannun yana naɗe kamar kan tabarya. Da hagu na rubuta miki, kuma wannan ukun ma sai da na yi gumi. Na ce gara in aiko da maganin, bayani ya biyo baya. Ashe maganin ba ya haɗiyuwa sai da ruwa. Yanzu yatsan ya yi sauƙi, ga ruwan.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban ce surutunki aibi ne ba. A ina kika samo shi in ba a wurina ba? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk layinmu an san in na fara zance mai kawo ɗinki sai ya nemi kujera.

Bari in ba ki labarin da ba ki sani ba. Lokacin da kike kamar Kumatu, Innarki, Allah ya jiƙanta, ta koma aikinta, sai take kawo mini ke shago da safe. Ina shimfiɗa miki tsumma a cikin babban kwandon da nake zuba ragowar yadi, in ajiye ki kusa da ƙafata. Na yi miki irin abin da kike yi wa 'yarki yanzu. Na ba ki labarin duk wanda ya wuce ta ƙofar shago. Ke kuwa sai ido, kamar an aiko ki ki ƙirga haƙorana.

Rannan ina gwada wa wata mata riga, na cika bakina da fil kamar yadda muke yi, don hannu biyu duk suna aiki. Kika yi motsi. Ba damar magana, sai na ce "mm" kawai, na ci gaba da kafa fil ina kallonki ta gefen ido. Can sai na ji "ehh" daga cikin kwando. Na ce ko kunnena ne. Na sake cewa "mm", na yi shiru don dole. Kika sake amsawa. Matar nan tana tsaye hannu a sama, ni da ke muna ta yi, har ta ce, "Tela, ni fa hannuna ya gaji."

Daga ranar na gane abin. Jariri yana da abin faɗa, amma kafin ya tattaro shi ya kawo bakinsa ana ɗan jimawa. Sai ya dube ki, ya motsa leɓe, ya yamutsa goshi, ya ja numfashi. Daidai lokacin da zai saki muryar, ke kin riga kin cike wurin da taki. Sai ya haɗiye. In aka yi ta yi masa haka, sai ya ɗauka ke ba a amsa miki, saurarenki ake yi. Ma'aikaciyar jinya ba ta yi ƙarya ba, ki yi mata magana. Amma hira aka ce, ba sanarwa ba. A tasha ba wanda yake amsa wa lasifika, shi ya sa kika saba. Mijinki kuwa mutum ne da ya saba kara agogo a kunne ya jira ya ji bugunsa. Ba wani abu yake ba ta ba, jira yake yi.

Ga abin da za ki yi. Ki faɗi magana ɗaya gajeriya, ki dube ta, ki kama bakinki. Ki jira har sai kin ji shirun ya dame ki, sannan ki ƙara jira. In ta ce wani abu, ki amsa kaɗan, ki sake mayar mata. Na san halinki don na san nawa, ba za ki iya da ƙarfin kanki ba, sai ki sa wani abu a baki. Ban da fil. Ni ma da na yi, Allah ne ya tsare, yau ko an biya ni ba zan riƙe fil a kan jariri ba. Cokali ya isa.

Batun komawa aiki kuma, ki kwantar da hankalinki. Wuni kike yi a wurina, amma da Innarki ta yi sallama a ƙofar shago sai ki fara harbin iska, kwandon har rawa yake yi. Takan ɗauke ki ta ce, "Me aka yi yau?" ta tsaya tana kallonki. Ita ba ta buƙatar fil, haka Allah ya yi ta. Duk hirar da muka yi da rana sai ki kwashe ki kai mata. Ban taɓa zama uwarki ba, ban kuma yi ƙoƙari ba.

Takardunki ba su yi mini yawa ba. Ina ajiye su a aljihun keke, ina sake karantawa in ba ciniki. Abin da ya sa na fi son su, a takarda dole ki kai ƙarshe ki tsaya.

Goggonki mai ƙaunarki

*

Goggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Kafin komai, yaya yatsan? Ki yafe mini. Kina fama da hannu ni ina can ina auna tsawon takarda. Kunya ta ishe ni, Baban Kumatu kuwa murmushin da ya yi ya fi magana ciwo. Muna lafiya dukanmu. Na jinkirta amsa ne da gangan, na ce ba zan rubuto ba sai da labari.

Goggo, shiru aiki ne. Ban taɓa sani ba. Ranar farko na ce, "Kumatu, kin tashi?" na sa cokali a baki. Kafin in ankara na cire shi ina gaya mata wai cokali ne, na shayi ne, babanta ne ya sayo. Na mayar. Ta kalli cokalin, ta kalle ni, ta kai hannu za ta ƙwace. Ba ta ce komai ba. Washegari ma haka. Ina jira, ita ma tana jira, don ta san ni, ta san yanzu zan ci gaba. Muka yi ta kallon juna kamar masu jiran jirgi ɗaya. Na ce a raina Goggo ta tsufa, ta manta yadda aka yi.

Ana saura kwana kaɗan in koma aiki, da hantsi, na gama yi mata wanka na kwantar da ita a gado ina sa mata kaya. Na ma manta da cokali. Safa ɗaya tana hannuna ina kokawa da ƙafarta, ɗayar na riƙe da haƙori. Ta yi atishawa. Na ce "mm?" don bakin a cike yake.

Sai na ga abin da kika faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Ta tsayar da ido a kaina. Goshin ya yamutse. Leɓen ya motsa, ya koma, ya sake motsawa. Magana ta taso mini har wuya, na danne safar nan da haƙori kamar zan huda ta. Na jira. Na ƙara jira.

Ta ce, "Aguu."

Ni ta ce wa. Ba labule ba, ba babanta ba. Idonta cikin nawa.

Na cire safar, kuma wallahi labari goma ne suka yi layi a bakina. Sai na hango Baban Kumatu a bakin ƙofa, ya dawo ɗaukar tabaraunsa, ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Na haɗiye tara da rabi na ce, "Na'am?" Na rufe baki. Ta wuntsila ƙafa ta ce, "Ehh, guu," har da ɗaga gira, kamar mai kawo ƙara. Na ce, "Allah?" Ta ƙara. Goggo, ashe yarinyar nan cike take da zance, wuri ne ba ta samu ba. Muka yi ta yi, ni ɗaya ita ɗaya, hawaye yana zuba mini ina dariya, ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da aka haife ta, don ranar na gaji da yawa.

Da ta gaji ta juya kai, sai na ƙyale ta. Wannan ma sabo ne a wurina.

Na tambayi babanta me ya hana shi gaya mini tun farko. Ya ce, "Na fara, sau uku." Na ce to me ya faru? Ya dube ni kawai. Na ce ya isa, na gane.

Na koma aiki shekaranjiya. Da safe da na miƙa ta ga Maman 'Yan Biyu sai da zuciyata ta karye, a haka na yi sanarwar jirgin farko. Da la'asar na hau bene da gudu. Na yi sallama, na ɗauke ta, na ce, "Me aka yi yau?" Na tsaya. Ba cokali, ba safa. Ta kama mini mayafi ta fara, ba ta tsaya ba sai da ta kai aya. Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ikon Allah, wuni guda ban samu rabin wannan ba."

Safar tana nan na ajiye, duk ta yi shaidar haƙori. In Kumatu ta girma zan nuna mata.

Goggo, ina neman alfarma ɗaya. Ki ɗage mini dokar waya sau ɗaya tak. Akwai mai son gaishe ki.

'Yarki,
Aku

*

Aku,

Wa alaikumus salam. Yatsa ya warke, sabon farce ya fara fitowa. Ina gaida mutanen gidan duka, babba da ƙarama.

Na san mun yi magana jiya, amma abin da zan faɗa ban iya faɗarsa a waya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Da wayar ta yi ƙara na ga ke ce, sai na yi abin da na saba. Na jingina ta da gwangwanin maɓallai, na ɗauko rigar da nake wa kalmasa, na ce yanzu Aku za ta yi ta yi, ni kuwa in gama hannu ɗaya kafin ta ja numfashi. Na ji kin yi sallama, kin ce, "Goggo, yaya yatsan?" Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na ɗauki wayar na girgiza, na duba ko caji ne ya ƙare. Har na fara zagin mai gyaran waya a raina. Na ce, "Aku, kina nan?" Kika ce, "Ina nan, Goggo. Ke nake saurare."

Kin san abin da ya same ni? Na rasa abin cewa. Ni, da ake neman kujera in na fara. Na buɗe baki na rufe, na yamutsa goshi, na ja numfashi, kamar wata Kumatu. Ke kuwa kika jira. Ina jin numfashinki, na san abin yana cin ki, amma kika jira.

Sai 'yar albarka ta cece ni, ta ce "aguu" daga can. Na ce "mm". Ta amsa. Wata mai kawo ɗinki ta shigo ta same ni ina "mm, mm" da waya a kunne ina share ido da ragowar yadi, ta koma da baya ta ce za ta dawo.

Na ɗage dokar gaba ɗaya. Ki kira duk ranar da kika so, amma ki zaɓi lokacin da ba ki sauri, don ina da zance da yawa a ajiye. Tun kina cikin kwandon nan na ba ki magana, sai jiya kika dawo mini da ita.

Goggonki